Kwantan da Ya Zama Jari: Nazarin Lamarin Wani Gidan Manoman Inabi a Kwarin Mosel

Wannan nazari ya bi sawun gida ɗaya na manoman inabi a tsakiyar kwarin kogin Mosel, a yammacin Jamus, daga 1971 zuwa yau. Ba za a ambaci sunan gidan ko na ƙauyensu ba. Abin da ya same su shi ne, kayan da suka gada kaka da kakanni, wato farar giyar inabin Riesling mai ɗan zaƙi, ta wayi gari ba mai nema, kwalabe suka yi kwantai shekara da shekaru a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Giya haramun ce ga Musulmi, wannan ba abin ja-in-ja ba ne. Abin da ya ja ni ga labarin shi ne noma da kasuwa, da kuma yadda manomi ke rasa gane ainihin ciwon da ke damun sana'arsa har ya kusa yanke gaɓar da take lafiya.

Kafin 1971: gona a tsaye

Mosel ya taso ne daga tsaunukan Vosges na Faransa, ya bi iyakar Luxembourg, ya wuce tsohon birnin Trier, sannan ya yi ta lanƙwasa kamar maciji har ya zuba a kogin Rhine a Koblenz. Yankin yana can arewa ƙwarai, wurin da rana ba ta da ƙarfi, damina gajera, sanyi na saurin shigowa. A shekarun da muke magana inabi ba ya nuna sosai sai a gangaren da ke kallon kudu, inda hasken rana ke faɗowa kai tsaye, kogi kuma yana maido da shi. Ƙasar wurin ma ba ƙasa ba ce yadda muka san ta. Wani dutse ne mai ɓarewa falle-falle, ruwan toka mai ɗan shuɗi, irin wanda mutanen yankin ke rufin ɗaki da shi. Da rana ya sha zafi, da dare ya riƙa sakinsa a gindin kuringa.

Akwai gangaren da ya kai digiri 65 a kusa da ƙauyen Bremm. Na wannan gida bai kai haka ba, amma tarakta ba ta iya hawa. Kowace kuringa da turkenta, ana lanƙwaso rassanta biyu a ɗaure su yi siffar zuciya. Feshi da hannu, sassabe da hannu, tsinka da hannu, mutum ya goya kwando a baya yana dafa turke yana hawa. Idan ruwan sama ya gangaro da duwatsun, lokacin hunturu sai a kwashe su a mayar da su sama. Hekta ɗaya a irin wannan wuri tana cin sa'o'in aiki dubu ko fiye a shekara, alhali a fili mai baje, inda inji ke shiga, 'yan ɗaruruwa sun isa.

Sana'ar tsohuwa ce. Rumawa sun noma inabi a nan. A 1787 mai mulkin Trier, Clemens Wenceslaus, ya ba da umarnin a tuge kuringogi marasa kyau a maye gurbinsu da masu inganci, kuma daga nan Riesling ya yi ta samun gindin zama. Wajen 1900 giyar Mosel da ta Rhine masu kyau suna gogayya da manyan giyoyin Bordeaux a farashi, wani lokaci ma su ɗara su.

Ga yadda gidan ke aiki a lokacin. Ana tsinka a ƙarshen Oktoba har cikin Nuwamba, a matse, a zuba ruwan a manyan gangunan katako da ake kira Fuder, kowace tana cin kusan lita 1,000. Yis ya kama cin sukarin da ke cikin ruwan yana mayar da shi maye. Da hunturu ya kankama, ɗakin ya yi sanyi, sai yis ya gaji ya tsaya bai cinye sukarin ba, ko kuma mai gida ya tsayar da shi da gangan, ya tsiyaye giyar daga kan laka, ya sa mata sinadarin sulfur. Abin da ke fitowa giya ce mai ƙarfin maye wajen kashi 8 cikin ɗari, inda jar giyar Faransa ke kai 13 ko 14. Sauran sukarinta kan kai giram 30 zuwa 60 a lita, tsaminta kuwa giram 8 zuwa 10. Lemon kwalba yana ɗauke da sukari wajen giram 100 a lita.

Duk wanda ya taɓa dama kunun tsamiya ya san lissafin. Cokali biyu na sukari a ruwan banza zaƙi ne mai gundura, amma a kunun da tsamiya ta ji, cokali biyun nan ba ka ma jin su a matsayin zaƙi, suna dai hana tsamin kashe maka haƙora ne. Aikin sukari ke nan a giyar Mosel.

1971 zuwa 1984: sabuwar doka, sababbin iri

A 1971 Jamus ta yi sabuwar dokar giya. Dokar ta rage sunayen gonaki daga kusan 30,000 zuwa wajen 2,600, ta kuma jera darajar giya bisa abu guda: yawan sukarin da ke cikin ruwan inabi ranar tsinka, da ma'aunin da ake kira Oechsle. Mai ƙarancin sukari cikin manyan darajoji shi ne Kabinett, sai Spätlese, sai Auslese, haka har sama. Dokar ba ta keɓe waɗannan darajoji ga wani irin inabi ba, ba ta tambayi a gangare aka noma shi ko a fadama ba, ba ta kuma damu da yawan abin da aka tatsa daga kowace hekta ba.

Ta kuma ƙirƙiro manyan yankuna da aka ba su suna irin na gona guda. Misalin da aka fi sani shi ne na ƙauyen Piesport. Goldtröpfchen gangare ne na gaske da ya yi suna, Michelsberg kuwa faffaɗan yanki ne da ya haɗa da filaye masu baje. A jikin kwalba duka biyun suna farawa da Piesporter, mai saye a Landan ko New York ba shi da hanyar bambancewa sai ta farashi, kuma mai arahar yake ɗauka.

Mai gidan na lokacin, wanda za mu kira uban, ya yi abin da maƙwabtansa suka yi. Ya karɓi hayar filaye a ƙasan kwari, ya dasa Müller-Thurgau, irin da aka samar a 1882 mai saurin nuna da yawan 'ya'ya, ya ƙara da sababbin iri kamar Kerner da Optima, waɗanda ke tara sukari ko da shekara ba ta yi kyau ba. Da su ana samun Spätlese a hukumance ba tare da hawa dutse ba. Ya kuma koyi sabuwar dabara: a bar yis ya cinye sukari ƙaf, sannan daf da zubawa a kwalba a ƙara ruwan inabi da aka tace ba a bar shi ya yi maye ba, wanda ake kira Süssreserve. Doka ta yarda da hakan, kuma ya fi sauƙin sarrafawa.

Shekarun farko kuɗi sun shigo. Kasuwar waje na haɗiyar farar giyar Jamus mai zaƙi, musamman Liebfraumilch daga yankunan Rhine, da tambura irin su Blue Nun da Black Tower. Uban bai daina noman gangarensa ba. Shekarun 1971, 1975, 1976 da 1983 sun yi albarka, ya zuba Riesling ɗinsu a kwalba ta tsohuwar hanya. Sai dai ya lura kowace shekara ratar farashi tsakanin giyar gangare da ta fili tana raguwa, kuma ta gangaren ce ke saukowa.

1985: guba a cikin suna

A lokacin bazarar 1985 aka bankaɗo cewa wasu masu giya a Ostiriya suna zuba sinadarin diethylene glycol, mai illa ga ƙoda, don giya mai araha ta yi zaƙi da kauri kamar mai tsada. A watan Yuli hukumomin lafiya na Jamus ta Yamma suka gargaɗi jama'a. Bincike ya nuna wasu manyan kamfanonin ɗura kwalba a Jamus sun gauraya giyar Ostiriya da tasu ba bisa ƙa'ida ba, don haka gubar ta shiga kwalabe masu sunan Jamus. Fitar da giyar Ostiriya waje ta faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma, ta Jamus ma ta sha duka.

Wannan gida bai taɓa sayen ɗigon giya daga waje ba, kuma gwaji ya nuna kayansu tsaf suke. Amma wake ɗaya ke ɓata gari. A zuciyar mai saye, zaƙi a giya ya zama alamar algus. Masu zuwa da mota daga biranen Ruhr da Cologne kowace kaka su cika but da katan-katan suka ragu, waɗanda suka zo kuma tambaya ɗaya ce a bakinsu: akwai marar zaƙi? Riesling na 1983, wanda uban ke alfahari da shi, ya tsaya cik. Aka jera kwalaben a bayan na 1975 da 1976 da suka rage, ba a ko manna musu takarda ba, domin danshin ɗakin yana cinye takarda. Da alli ake rubuta shekara da sunan gona a jikin katakon da ke gaban kowane rami.

1986 zuwa 1992: yunƙuri na farko, a cire zaƙin

In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Jamusawa sun koma ga giya marar zaƙi, wadda doka ke kira trocken: sauran sukarinta bai wuce giram 9 a lita ba. Mai bi mata, halbtrocken, ba ta wuce giram 18. Uban ya yanke shawarar mayar da yawancin Riesling ɗinsa trocken.

A yankuna masu ɗumi kamar Pfalz da Baden abin ya zauna, domin inabinsu na nuna sosai, tsaminsa kuma da sauƙi. A Mosel ba haka ba ne. Shekarar 1987 ta zo da sanyi da ruwa, tsamin inabi ya haura giram 10 a lita. Da aka bar yis ya cinye sukarin, sai aka samu giya siririya mai kaifi, wadda masu ɗanɗanawa suka ce tana kankare baki. An gwada rage tsamin da garin alli, wanda doka ta halatta. Tsamin ya sauka, amma ƙamshin ma ya bi shi, giyar ta zama lami. Shekarun 1988, 1989 da 1990 sun yi kyau, trocken ɗinsu ya fi na baya, sai dai a kan kanta ɗaya da na Pfalz mai saye ya fi karkata ga na Pfalz, wanda ya fi cika baki kuma ya fi araha don inji ne ya noma shi.

Tsofaffin abokan ciniki masu son tsohon ɗanɗano suka ga an daina yi musu abin da suke so, sababbi kuma ba su zo ba. An gudu ba a tsira ba.

Farkon shekarun 1990: yunƙuri na biyu, a karya farashi

Wannan bai daɗe ba. Aka rage kuɗin kwalba, aka kuma riƙa sayar da wani kaso a ganga ga manyan 'yan sari. Farashin ganga ɗaya ne ko daga ina inabin ya fito, don haka duk litar da ta fito daga gangare asara ce. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Maƙwabta da dama suka bar gangarensu, ƙaya da ciyawa suka rufe. 'Ya'yansu suka tafi aikin albashi a Trier da Luxembourg.

Tsakiyar shekarun 1990: ranar da aka buɗe kwantan

'Yar gidan, wadda ta yi karatun harkar inabi a Geisenheim, ta dawo ta karɓi ragama. Abu na farko da ta so yi shi ne share ɗakin ƙarƙashin ƙasa, don ana buƙatar wuri, kuma ana buƙatar kuɗi ko nawa ne. Tunaninta a sayar da tsofaffin kwalaben a dunƙule ga masu yin ruwan tsami ko masu tace barasa. Uban ya nemi a buɗe ɗaya daga kowane rami tukuna.

Ɗakin irin na yankin ne: an haƙa shi cikin dutse, rufinsa baka, bangonsa lulluɓe da wani baƙin gansakuka mai laushi kamar auduga, sanyinsa wajen digiri 10 zuwa 12 rani da hunturu. Kwalaben dogaye ne sirara, koraye kamar yadda aka saba a Mosel, ƙura ta kwanta musu har sai an goge da babban yatsa kafin a ga inda ruwan ya tsaya a wuya. Wasu toshiyoyin sun yi laushi, suna marmashewa a bakin abin buɗewa. Aka jera kofuna a kan ganga, aka kunna fitila a bayansu don a ga launi.

Kwalaben sun kasu uku ba tare da an shirya ba.

Na filin ƙasa, Müller-Thurgau da Optima da aka ƙara wa Süssreserve, sun mutu. Launinsu ya koma ruwan shayi, warinsu na tuffa da ta daɗe a yanke, zaƙin yana zaune shi kaɗai ba abin da ke riƙe da shi.

Trocken na ƙarshen shekarun 1980, duk da ba su kai shekara goma ba, ɗan ƙamshin 'ya'yan itacen da suke da shi ya tafi, tsamin kuwa yana nan inda aka bar shi.

Kashi na uku shi ne Riesling na gangare mai ɗan zaƙi, na 1975, 1976 da 1983. Waɗannan ba su mutu ba, sun ma zama wani abu dabam da abin da aka zuba. Ruwan da ya shiga kwalba fari mai ɗan kore ya fito launin zinariya. Ƙamshin ɗanyar tuffa da lemon tsami ya koma na zuma da kakin zuma, da busasshen ɓawon lemo, da ɗan ƙauri kamar na gasasshen burodi, a ƙarƙashi kuma wani siririn wari mai kama da kananzir. Abin da ya fi ba 'yar mamaki shi ne a baki zaƙin ya ja baya ƙwarai, har wanda bai sani ba zai rantse halbtrocken ce. Aka kai samfuri ɗakin gwaji, sakamako ya nuna sukarin kusan yana nan yadda yake tun farko.

Abin da ke faruwa cikin kwalba

Babban maƙiyin farar giya iska ce, da ƙwayoyin halitta masu ɓata ta. Riesling na Mosel yana da garkuwa uku. Tsaminsa mai ƙarfi ne, ma'aunin pH wajen 3, kuma a irin wannan yanayi ƙwayoyin cuta ba sa sakewa, sulfur ɗin da aka sa ma ya fi aiki. Giya mai sauran sukari ana sa mata sulfur fiye da marar zaƙi don kada yis ya farka cikin kwalba, wannan kuma yana ƙara jinkirta aikin iska. Sukarin kansa yana riƙe jikin giyar, ta yadda idan ƙamshin ƙuruciya ya tafi ba a bar tsami tsirara ba. Abin da trocken na 1987 ya rasa ke nan.

Da tafiyar shekaru sinadaran ƙamshin furanni da 'ya'yan itace suna warwarewa, wasu sababbi suna haɗuwa. Warin kananzir ɗin yana fitowa ne daga wani sinadari da ake taƙaita sunansa da TDN, wanda ke samuwa daga launukan da ke cikin fatar inabi, kuma ya fi yawa a inabin da rana ta daka. Kaɗan daga cikinsa masu sha'awar Riesling na nemansa ruwa a jallo, in ya yi yawa kuma aibi ne. Jamusawa suna da kalma ta musamman ga ɗanɗanon tsufa, Firne, in ya yi kyau su ce Edelfirne. Masu sana'ar kan ce giyar ta cinye sukarinta. A awo ba ta cinye ba, sababbin ɗanɗanon masu ɗan ɗaci da ƙauri ne suka zauna kusa da zaƙin har harshe ya daina jinsa shi kaɗai.

Sha'awar tsumammiyar giyar a nan take. Mai shan ta yana samun zurfin abin da ya shekara ashirin, amma da nauyin kashi 8 kawai, tsamin kuma yana wanke baki kamar an tsinko inabin bana. Giya kaɗan ce a duniya ke haɗa tsufa da rashin nauyi haka.

1996 zuwa 2001: gyara, da tuntuɓe biyu

'Yar ta mayar da filayen haya ga masu su, ta tuge sauran Optima da Kerner, ta tsaya a kan Riesling na gangare. Wasu kuringoginta sun haura shekara sittin, kuma a kan saiwarsu ta asali suke, domin ƙwaron phylloxera da ya halaka gonakin Turai a ƙarni na 19 ba ya jin daɗin ƙasar dutse irin wannan. Ta rage yawan 'ya'yan da ake bari a kowace kuringa, ta daina Süssreserve, ta koma tsayar da yis da sanyi. Trocken kuwa sai daga inabin da ya fi nuna, a shekarar da ta ba da dama.

Tuntuɓe na farko a wajen sayar da tsofaffin ne. Ta aika wa abokan ciniki takardar farashi, ta sa tsofaffin kwalaben a ƙasa da rangwame. Kusan ba wanda ya waiwaya. Tsohuwar giya mai zaƙi da aka karya wa farashi, a idon Bajamushen lokacin, kwantai ce ake neman kai da ita. Sai ta cire su daga takardar, ta koma zuba wa duk baƙon da ya zo kofi biyu, na bana da na 1983, daga gona ɗaya, ba tare da ta faɗi komai ba sai ya kurɓa. Ta kuma ɗaga farashin tsohuwar sama da na sabuwa. A haka suka fara tafiya.

Na biyu a wajen ajiya ne. Da ta ga amfanin tsufa, sai ta ɓoye kaso mai yawa na girbin shekara guda. Kwalba a rami ba ta biyan ma'aikatan tsinka, ba ta biyan banki. Shekarar ta yi musu tsanani, dole aka fito da wani ɓangare kafin lokacinsa. Daga nan aka tsayar da ƙa'ida: ƙaramin kaso kowace shekara, daga gonakin da suka fi tsami, ba a taɓa shi sai ya kai shekara goma. An kuma koyi duba toshiya. Duk kwalbar da ruwanta ya sauka ƙasa da wuya ana ware ta, daga baya ma aka koma murfin murɗawa ga yawancin kaya, kamar yadda gidaje da yawa a Jamus suka yi.

2001 zuwa 2018: kasuwa ta juyo daga waje

Girbin 2001 ya yi fice, masu sharhin giya a Amurka suka yaba shi ƙwarai, kuma daga nan neman Riesling na Jamus ya tashi a can. Masu kula da giya a gidajen abinci na New York da Landan da ƙasashen arewacin Turai ne suka fi riƙe shi, don sun ga yana zama da abincin da jar giya ba ta iya zama da shi, irin na Tailan da na Sin mai barkono. Zaƙi da sanyi suna kwantar da zafin yaji, maye mai ƙarfi kuwa ƙara hura shi yake yi. Gidan abinci ba shi da ɗakin da zai ajiye kwalba shekara goma sha biyar, don haka manomin da zai ba shi wadda ta riga ta tsumu, wadda ba ta taɓa barin ramin da aka haife ta ba, abin nema ne. Gidan ya samu mai shigar da kaya a Amurka, kuma tsofaffin kwalaben ne suka buɗe ƙofar, sababbin suka bi.

A cikin gida ma an samu sauƙi. Kalmar feinherb, wadda ba ta da iyakar giram a doka, ta bazu a jikin kwalabe a madadin halbtrocken da mutane suka tsana. Gwanjon da manyan gidajen Mosel ke yi a Trier ya riƙa jan hankalin duniya. A 2015 an sayar da kwalba guda ta gidan giyar Egon Müller, mai tsananin zaƙi ta girbin 2003, a kan Yuro 12,000. Wannan gida ba ya kusa da wannan sahu, amma labarin ya taimaka wajen raba zaƙi da araha a tunanin mutane.

Ba kowace shekara ce ta amsa ajiya ba. A 2003 zafi ya yi tsanani a Turai, tsamin inabi ya faɗi har hukuma ta ba da izini na musamman a ƙara tsami. Kabinett ɗin gidan na wannan shekara ya fito mai kauri, kuma da aka buɗe shi bayan shekara goma zaƙin bai ja baya kamar na 2001 ba.

2019 zuwa yau

A Oktoban 2019 Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan giyar Jamus da ta wasu ƙasashen Turai wadda mayenta bai wuce kashi 14 ba, saboda rikicin tallafin kamfanonin ƙera jiragen sama. Duk kayan gidan sun faɗa ciki. Kafin a dakatar da harajin a Maris 2021, annobar korona ta rufe gidajen abinci. Oda ta ragu, amma wannan karon ba wanda ya firgita da ganin kwalabe a rami, an san ba lalacewa suke yi ba. A Afrilun 2024 jaura ta ƙone sababbin tofo a sassan yankin, musamman Saar da Ruwer, girbi ya ragu, ajiyar shekarun baya ta cike wani gurbi.

Sabuwar damuwar zafi ce. Tsinkar da ake yi har Nuwamba yanzu takan fara tun ƙarshen Satumba. A shekara irin 2018 gangaren da ke kallon kudu yana tara sukari fiye da abin da Kabinett ke buƙata, tsami kuma yana saurin sauka. Trocken na Mosel, wanda ya gagara a 1987, yanzu yana fita da kyau. Mai ɗan zaƙi marar nauyin ne ya zama da wuyar samu.

Hukunci

Uban ya ɗauka zaƙi ne ciwon, kasuwa ma haka ta gaya masa, kuma ban ga laifinsa ba, don mutumin da aka daina sayen kayansa ba ya da sararin dogon nazari. Amma kofunan da aka jera a kan ganga sun nuna kuskuren. Zaƙin da aka ɗora a kan inabi marar ƙarfi ya mutu, tsamin da aka bari ba zaƙi ya bushe, wanda ya rayu shi ne inda biyun suka fito daga inabi ɗaya na gangare ɗaya. Cire zaƙi ya gaza ne saboda yanayin Mosel na wancan lokaci bai ba da inabin da zai tsaya ba shi ba. Karya farashi ya gaza saboda mai hawa dutse da kwando ba zai taɓa yin araha kamar mai inji ba.

Dole kuma a faɗi rabon sa'a a ciki. Ba dabara ce ta sa aka ajiye kwalaben 1983 ba, rashin mai saye ne. Da ɗakin ya kasance mai ɗumi, ko da uban ya bar gangaren gaba ɗaya a shekarun 1970 kamar yadda lissafin lokacin ya nuna, da ba abin da za a buɗe. Abin da za a yaba wa 'yar shi ne ta yarda da abin da ta gani a kofi fiye da abin da kasuwa ke faɗa, ta kuma gane cewa irin wannan kaya ba ya sayuwa a takarda sai an ɗanɗana.

Nasarar ta gida ɗaya ce, ba ta kwarin duka ba. Gonakin inabin Mosel sun haura hekta 12,000 a ƙarshen shekarun 1980, yau ba su kai 9,000 ba, kuma gangare ne ya fi tafiya. Wannan gida da kansa yanzu ya fi dogara da wata 'yar gona a wani lungun kwari mai inuwa da iska, can sama kusa da daji, wadda kakansu ke ɗauka mafi lalacewa cikin gadonsa don inabinta ba ya nuna sai shekara ta yi kyau ƙwarai. Daga can ake samun Kabinett ɗin da ake sa wa alli a kai shi rami.